Koren Babur da Baba Ya Bari

Ranar Talata da la'asar labarin ya iso Doguwa. Wani leburan kuza ne ya kawo shi daga Riruwai. Ya yi sallama a ƙofar gida, ya nemi Baffa Sale, ƙanen Baba. A hannunsa akwai sandar da Baba ke dogarawa da wani ƙulli a tsumma. Ya ce zazzaɓi ne mai sanƙarar da wuya, bai ja lokaci ba, kuma an riga an yi masa sutura a can. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, da shi zan fara. Da mata suka soma kuka a tsakar gida, ni ban yi ba. Na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo daga wajen duwatsu, sai na ɗauki tabarma na tafi rumfa na lulluɓe babur, domin rumfar tana yoyo ta gefe guda, fentin kuma bai daɗe da bushewa ba. Gwaggona ta ce a ƙyale ni, ɓuya na je yi in yi kukana. Ba haka ba ne. Tsayawa na yi ina gyara bakin tabarmar, ina tambayar kaina ko wanda ya rasu ɗin ya taɓa sa ni a ransa.

Ni ce 'yar farinsa. Kamar yadda aka saba a gidajenmu, ana yaye ni aka kai ni Tudun Wada wurin kakata, Iya, can kuma na yi elemantare. Baba yana Riruwai yana gyaran injunan haƙar kuza, har aikin ya zame masa suna, ana ce masa Haruna Fita, wato mai gyaran inji. Yau ne karo na farko da na rubuta sunan nan, bakina kuwa bai taɓa faɗinsa ba. Shi ma bai taɓa kiran nawa ba. Sunana Rabi, amma a bakinsa ni ce "mutanen Tudun Wada". In na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa yana duban wani wuri. Na san kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, Inna ma haka take yi mini. To amma ni mai karance-karance ce. Malaminmu yakan ara mini 'yan littattafan hikaya, waɗanda a cikinsu ɗan sarki kan tsaya gaban budurwa ya faɗi duk abin da ke ransa, uba kuma ya yi ta cewa "ya 'yata" a shafi guda har mutum ya gaji. Sai na riƙa tunani, shin a wajen Baba kunyar nan wani abu ta rufe, ko kuwa in an ɗaga ta ba komai a ƙasa?

Da rani bangon ramin kuza ya zubo masa a ƙafa, ƙwaurinsa ya karye wuri biyu. Aka kawo shi gida a kan gadon kara. Maɗori ya zo daga rugar da ke bayan gari, ya ja ƙafar ya ɗaure ta da 'yan sanduna, ya ce kada ya kuskura ya taka ta sai ya ba shi izini. Aka aika Tudun Wada aka ɗauko ni in taya Inna jinya, tunda na gama elemantare, kuma makarantar 'yan mata ta Kano da aka zaɓe ni ba za ta karɓe mu ba sai bayan kaka.

Bai fi mako biyu da kwanciya ba sai ga jakuna a ƙofar gida, ɗauke da ƙarafa. Babur ne, gunduwa-gunduwa. Na wani Bature ne da ya faɗa kwazazzabo da shi shekarun baya, aka jefar da shi bayan ɗakin gyara a Riruwai, da Baturen zai koma ƙasarsu ya ce Baba ya ɗauka. Tankin ya lotsa ta gefen dama kamar ƙwaryar da aka taka, madigadin gaba ya murɗe, sirdi gara ta cinye, tsatsa kuwa ba inda ba ta kama ba. Baba ya sa aka baje su a rumfar da ke tsakanin zaure da cikin gida, aka shimfiɗa masa buzu a nan, ya miƙe ƙafar a kan matashi.

Baffa Sale bai ji daɗin abin ba. Ya ce, "Yaya, mai jinya hutawa yake yi. Me za ka yi da wannan tarkace?"

Baba ya ce, "Ni da shi duka an ce mun gama aiki. Bari mu zauna tare mu gani."

Tanko maƙeri taubashinsa ne, shi kaɗai yake shigowa har rumfa ba tare da an yi masa iso ba. Ranar da ya fara ganin babur ɗin ya zagaya shi, ya ce, "Gurgu ya sami gurguwa. Ka ba ni ita in fitar maka da fartanya goma, ka ga ko ba komai an ci tuwo."

"Kai da ko wuƙar kaciya ba ka iya miƙewa," in ji Baba. "Zauna ka ga yadda ake aikin ƙarfe, kyauta zan koya maka."

Tun daga wasan Tanko babur ɗin ya zama mace a gidanmu. Baba ya sa mata suna Tsohuwa, kuma da ita yake hira. Wannan ne ya buɗe wata hanya da ban zata ba. Akwai wani tsohon turmi da ya tsage, an kife shi a gindin bango kusa da rumfa, a kansa nake zama in yi karatu bayan na gama aiki. Wata safiya na ji ya ce, "Tsohuwa, ga guduma can ta yi mini nisa. Da a ce akwai mai ƙafa biyu a kusa." Na duba, ba kowa sai ni. Na tashi na miƙa masa. Ya karɓa, ya ce wa babur ɗin, "Kin gani, Allah ya kawo." Haka muka zauna watanni. Yana gaya wa Tsohuwa abin da yake bukata, ni ina kawowa. In zai koya mini abu, ita yake koya wa.

Aikin farko cire tsatsa ne, da yashi da toka da tsumma jiƙe da kananzir. Ba ya yarda a yi gaggawa. In ya ji na matsa hannu ƙarfe yana ƙara, sai ya ce, "Tsohuwa, ki yi haƙuri, ba da mugunta ake yi ba. Ƙarfe ba ya son tsawa, lallashinsa ake." Madigadi kuwa a kan buhun yashi ya ɗora shi, yana bugunsa da guduma ta itace, ƙanana-ƙananan bugu, yana shafawa da tafin hannu idonsa a rufe. Ya ce ido yana ƙarya a kan ƙarfe, hannu ne ba ya yi. Wani lokaci ciwon ƙafar yakan taso masa yana cikin bugun. Ba ya nishi. Ajiye gudumar yake yi, ya riƙe bakin madigadin har gumi ya sauko masa a wuya, sannan ya ɗauka ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Tanki ne ya ba da wahala, domin bakinsa ƙarami ne, guduma ba ta shiga. Baba ya yi kwanaki yana juya shi a cinya. Ran nan sai ya kira Inna ya ce ta auno masa busasshen wake.

Inna ta ce, "Malam, waken me? Na ga ba a daɗe da cin abinci ba."

"Ba ni zan ci ba."

Ya ɗura wake a tankin har wuya, ya zuba ruwa, ya toshe bakin da itace. Ya ce wake in ya sha ruwa kumbura yake yi, kuma ba abin da ke hana shi, shi zai tura lotsawar daga ciki. "Abin da ya lotsa ta waje, ta ciki ake tura shi," in ji shi. Tanko da ya ji labari ya zo takanas, ya zauna ya yi dariya har da hawaye, ya ce yanzu kam ba a bukatar inji, wanda ya ci wannan waken za a ji ƙararsa tun daga garin Burumburum. Ni dai na sunkuyar da kai cikin littafi.

Lotsawar ta fito, kusan duka. Amma Baba ya bar waken ya wuce lokaci, ya yi ƙarfi ya tsaga ɗinkin tankin ta ƙasa. Da safe muka tarar ruwa ya ɗiga a buzu. Baba ya daɗe yana kallon tsagar. Ya ce, "Laifina ne, Tsohuwa. Na ɗauka in kaɗan ya yi amfani, mai yawa zai fi." Ya aika Tanko ya kawo dalma ya liƙe. Kafin nan sai an fitar da waken, wanda ya cushe ya soma wari. Ya ce da akwai mai siririn hannu a gidan nan da an huta. Na lanƙwasa waya na zauna ina zaƙulo shi, kaji suna jirana a ƙasa. Inna ta wuce, ta ce wa kajin su ci da kyau, rabon miyarta ne.

Ruwa ya sauka, kowa ya tafi gona, gida ya yi shiru sai ƙwanƙwasar gudumarsa. Maɗori ya kwance ɗaurin, ya ga ƙashin bai gama kamawa ba, ya sake ɗaurewa. Ranar Baba bai taɓa ƙarfe ba. Da yamma na ji yana ce wa babur ɗin, "Ke ma sai da aka sake liƙe ki." Washegari ya nemi guduma.

Wani hantsi na fito na tarar turmina ba ya wurinsa. Yana cikin rumfa, gefen Baba, da wani guntun kara da aka yanke a kansa. Na zaci ya ɗora ƙarfe ne a kai ya buga. Na tsaya jim kaɗan, ya ce wa Tsohuwa an gama da turmin mutane, mai shi ya ɗauka. Na mirgina shi na mayar. Ban sake tunawa da abin ba.

Da aka zo maganar fenti, Baffa Sale zai shiga Kano, ya zo tambayar wanda za a sayo. Ya ce baƙi, tunda da ma baƙi ne, kuma shi ya dace da dattijo. Baba ya juya ga babur ɗin ya ce, "Tsohuwa, ke za ki sa rigar. Wace iri kike so?" A littafin da ke hannuna a lokacin akwai wata gimbiya mai koren mayafi da na daɗe ina sha'awa. Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba, na ce, "Kore." A hankali na faɗa, fuskata a bayan littafi.

Baba ya ce, "Na ji kamar an ce kore."

Baffa ya ce, "Yaya, kore kamar ƙofar kanti?"

"Ita ta zaɓa."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da muka taɓa yi da mahaifina.

Ya tace fentin da tsohon kallabin Inna. Ba ya shafawa sai da sassafe bayan an kwana ana ruwa, lokacin da ba ƙura, sannan a rataya gidan sauro a kai saboda ƙwari. In ya bushe ya goge shi da toka mai laushi, ya sake shafawa. Baduku ya ɗinko sirdi da jar fata, aka cusa audugar rimi. Biyu ya kawo, babba da ƙarami. Baba ya ɗaura ƙaramin a kan madigadin baya, Tanko ya ƙero masa 'yan ƙarafa biyu na taka ƙafa. A lokacin maɗori ya ba shi izini ya fara takawa da sanda. Ƙafar ta gajarce kaɗan. Yakan zagaya babur ɗin yana ɗingishi, yana taɓa nan, yana taɓa can. Yara suna leƙowa ta zaure su ga fuskarsu a jikin tanki.

Abu guda ya rage. Injin ba ya tashi, saboda abin da ke ba shi wuta ya mutu, kuma ba a samunsa sai wurin abokan aikinsa a Riruwai. Inna ta ce ya aika. Ya ce in ya aika za a kawo masa wanda ba shi ba, kuma ƙafar tana bukatar ta ga hanya. Da zai fita na durƙusa na ce Allah ya kiyaye. Ya dubi rumfa ya ce, "Tsohuwa, a kula da ke, kada ruwa ya taɓa ki." Abin da ke cikin ƙullin tsumman da leburan ya kawo shi ne ƙarfen da ya je nema. Ya samo shi. Babur ɗin bai taɓa tashi a hannunsa ba.

Masu ta'aziyya sun faɗi alherinsa da yawa, kuma gaskiya suka faɗa. Wani ya ce ya gyara masa fitila bai karɓi komai ba. Leburori biyu suka zo tun daga Riruwai suka ce ranar da bango ya zubo, shi ya tsaya yana kiran mutane su fito. Liman ya ce ko da yake kwance bai bar salla ta wuce shi ba. Ina jin su daga ɗaki, kamar ana ba da labarin wani mutumin kirki na wani gari.

Bayan sadakar bakwai aka fara maganar gado. Baffa Sale ya kawo wani ɗan kasuwa daga Tudun Wada ya ga babur. Ina bayan zana ina jin su. Mutumin ya yaba aikin ƙwarai, ya ce bai ga inda tankin ya taɓa lotsawa ba. Sannan ya ce yaronsa ya hau baya ya gwada. Yaron dogo ne, da ya zauna gwiwoyinsa suka taso har ƙirji. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Wannan sirdin ba na mutane ba ne. Za a cire shi a sa abin ɗaura kaya."

Tanko yana wurin. Tun rasuwar ban ji ya yi wasa ba. Ya ce, "Ni ma haka na gaya wa marigayin. Kara ya aiko mini, ya ce daga sirdi zuwa wurin taka ƙafa kada ya wuce tsawon wannan. Na ce Haruna, wannan ai ƙafar ɗan tsako ce. Ya ce in yi aikina in bar surutu."

Da suka fita na shiga rumfa. Karan yana nan soke a jikin zana inda Baba yake soke ƙananan abubuwa. Na zare shi na kai gindin bango, na tsayar da shi jikin turmina. Daidai suke. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin kayan takaba, tana jan carbi. Ba ta dube ni ba. Bango ta duba, ta ce, "Ni na mirgina masa turmin nan. Ya ce bayan kaka akwai masu zuwa Tudun Wada su hau motar Kano, kuma dajin Falgore da nisa, ba a barin mutum ya zauna ƙafarsa tana reto." Ta ci gaba da carbinta.

Na koma rumfa na ɗage tabarmar. Ban taɓa hawa ba sai ranar. Na zauna a sirdin baya, ƙafafuna suka sami wurinsu ba tare da na duba ba. A gabana babban sirdin ne, ba kowa a kai. Na daɗe a haka. A littattafan da na karanta ban taɓa ganin inda aka auna mutum da turmi ba.

Ban rubuta wannan don a hana sayar da babur ba. Inna da ƙannena suna da bukata, kuma abin hawa ba a yi shi don ya tsufa a rumfa ba. Wanda ya saya ya sa masa ƙarfen da ke cikin tsumman, ya tashe shi, ya bi da shi a hankali. In ya lotsa, kada a yi masa tsawa. Sirdin baya da 'yan ƙarafan taka ƙafa kawai nake roƙo, tunda da ma cire su za a yi. A sa su cikin rabona.

Ba zan iya faɗin wannan a gaban Baffa ba. Na gwada jiya da na kai masa ruwa, sai na gaishe shi kawai na fito. An ce ranar Juma'a mai saye zai turo a ɗauka. Na yi ta ninke takardar nan ina warewa. Gobe in ya fito daga sallar asuba zan durƙusa in miƙa masa, ya karanta, in ya ga dama ya karanta wa Inna da Tanko da duk wanda ya san marigayin.

Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya sa ciwon da ya yi haƙuri da shi ya zama kaffara, ya yalwata masa kabarinsa a can Riruwai inda ba mu je ba, ya tashe shi da ƙafafunsa lafiyayyu. Allah ya ba Inna haƙuri, ya raya ƙannena, ya yi wa Baffa Sale jagora a kan nauyin da ya hau kansa, ya saka wa Tanko da maɗori da waɗanda suka yi masa sutura da alheri. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu da shi a inda zai kira ni da sunana. Amin.